Yadda Ake Gano Matsalar Caji da Tsawaita Ran Batirin Waya a Legas

Duk wanda ke neman abincinsa a Legas ya san cewa waya ba kayan ƙawa ba ce. Da ita dillalin tumatir a Mile 12 yake jin inda motar kayansa ta kwana, da ita mai canji a Agege yake tabbatar da shigowar kuɗi kafin ya miƙa nasa, da ita kuma mai gadi a Lekki yake jin lafiyar iyalinsa a Sakkwato ko Katsina. Shi ya sa idan waya ta fara shan caji da wuri, ko ta ƙi karɓar caji ɗungurungum, hankalin mai ita yakan tashi, kuma abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne batir ya mutu. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa ƙalau. Laifin yana iya kasancewa a soket, ko a kan caja, ko a kebul, ko a ƙurar da ta cushe ramin caji, ko a wata manhaja da ke aiki a ɓoye. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar buɗe waya ya zama na ƙarshe, domin wayar da aka buɗe ba ta cika komawa yadda ta fito daga kamfani ba.

Kafin komai: duba ko batirin ya kumbura

Akwai hali guda da ba a bin wannan jeri a cikinsa. Ka cire wa wayar rigarta, ka ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗen tebur, ka dube ta ta gefe. Idan ka ga murfin baya ya ɗaga, ko allon ya fara rabuwa da jikin wayar, ko wayar tana lilo maimakon ta kwanta daidai, to batirin ya kumbura. Wannan kumburi iska ce da ta taru a ciki saboda sinadaran batirin sun lalace, kuma batirin litiyom da ya kai wannan matsayi yana iya kamawa da wuta idan aka matsa shi, ko aka huda shi, ko aka ci gaba da yi masa caji. Ka kashe wayar, kada ka sake jona ta, kada ka danne murfin da hannu ko ka ɗaure shi da roba kamar yadda wasu ke yi, kada kuma ka sa ta a aljihu ko ƙarƙashin matashi. Ka ajiye ta a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur na janareta, sannan ka kai ta a canza batirin. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 baki ɗaya daga kasuwa saboda batiranta suna kamawa da wuta. Idan har gobara ta tashi a gida, lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Idan babu kumburi, sai a ci gaba.

Mataki na farko: soket da kan caja

Ka jona wani abu daban a soket ɗin, fitila ko fanka ko cajar wani, domin ka tabbatar da cewa akwai wuta a cikinsa. Yawancin gidajen haya a Agege da Idi-Araba da Ijora soket ɗaya ne a ɗaki, an ja masa doguwar waya mai baki huɗu ko biyar, kuma ƙarafan da ke cikin irin waɗannan bakuna sukan saki da tsufa, har caja ta riƙa kamawa tana saki ba tare da an lura ba. Alamar hakan ita ce wayar ta riƙa yin ƙarar shigar caji a kai a kai, ko ka ji ɗan ƙara kamar na tartsatsi idan ka motsa cajar. Ka gwada jona ta kai tsaye a jikin bango.

Bayan haka ka juya kan cajar ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, ko da sai ka haska da tocila. Za ka ga layi biyu. Na farko yana faɗin wutar da cajar ke karɓa, kuma a caja ta ƙwarai yakan nuna daga bolt 100 zuwa 240, wanda ya dace da wutar Najeriya mai bolt 230. Na biyu yana faɗin abin da take ba wa waya. Idan ka ga 5V da 2A, ka ninka biyar da biyu, ka samu wat 10. Idan 5V da 1A ne, wat 5 ke nan kacal. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu yanzu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, batirinsu yakan kai 5,000 mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), kuma cajar wat 10 ba za ta cika irin wannan batir a ƙasa da awa biyu ba, balle ta wat 5 wadda za ta ninka lokacin. Saboda haka mutumin da ya ari tsohuwar cajar ƙaramar waya ya jona babbar wayarsa, ya ga ta kwana ba ta cika ba, ba shi da matsalar batir ko kaɗan. Haka nan ramin USB na tsohuwar kwamfuta wat biyu da rabi kawai yake bayarwa.

Caji mai sauri kuma yana da sharaɗi: sai wayar da cajar sun fahimci juna. Akwai tsarin da ake kira Power Delivery wanda iPhone da Samsung da Pixel suke amfani da shi, akwai Quick Charge na kamfanin Qualcomm, wasu kamfanonin kuma suna da nasu tsarin na kansu. Idan ka jona waya a cajar da ba ta san tsarinta ba, cajin zai shiga, amma a hankali, ko da an rubuta wat 45 a jikin cajar. Wannan ba lalacewa ba ce.

Game da jabun caja, ra'ayina a fili yake: kada a saye ta ko da rabin kuɗi ne. Wadda ake tallarta a cikin cunkoson motoci a Oshodi ko a bakin gadar Ojota tana iya yin aiki na mako biyu, amma abin da aka rage a cikinta shi ne sassan da ke tace wuta da waɗanda ke raba wutar bango da wayarka. Ana gane ta da rashin nauyi a hannu, da rubutu mai dishi-dishi ko kuskuren haruffa, da zafin da take yi har ba a iya riƙe ta. Akwai kuma wata alama da mutane da yawa ba su san daga caja take ba: idan allon waya ya riƙa danna kansa, ko ya ƙi jin yatsa a duk lokacin da aka jona caji, sannan ya dawo daidai da an cire, to cajar ce ke turo wuta mara tsabta. Araha ba ta ado, kuma kuɗin caja ta ƙwarai bai kai kuɗin gyaran fanel ɗin waya ba, wato faifan cikinta da ke ɗauke da sassan lantarki.

Mataki na biyu: kebul

Kebul ne ya fi komai saurin mutuwa, domin shi ake lanƙwasawa, a naɗe, a ja, a taka. Siraran wayoyin tagulla da ke cikinsa sukan tsinke ɗaya bayan ɗaya daga wuyansa, wato daidai inda kan ya haɗu da igiyar, alhali robar waje tana nan lafiya. Yayin da suka ragu, wutar da ke wucewa ma sai ta ragu, kamar tiyon da aka take da ƙafa ana jiran bokiti ya cika. Ka ari kebul ɗin da ka tabbatar yana aiki a wayar wani, ka jona shi a kan cajarka. Idan caji ya shiga da ƙarfi, ka gano mai laifi. Idan sai ka lanƙwasa kebul ɗinka ta wani ɓangare ko ka ɗora masa littafi kafin ya kama, ka jefar da shi, domin wannan dabara tana sassauta ramin cajin wayar, ta mayar da ƙaramar matsala babba.

In za ka sayi sabo, ka zaɓi mai kauri wanda bai wuce mita ɗaya ba, saboda dogon kebul mara inganci yana zubar da wuta a hanya. Kebul mai kan USB-C a ɓangarorin biyu yakan ɗauki har wat 60; wayar da ke caji da abin da ya fi haka tana buƙatar kebul na musamman mai ɗaukar 5A, kuma galibi shi ne wanda ya zo a cikin kwalinta.

Mataki na uku: ramin caji

Nan ne ya kamata a tsaya da kyau, domin nan ne mutane suka fi biyan kuɗin gyaran da ba sa buƙata. Wayar da ke kwana a aljihun kaftani tana tara zaren auduga, wadda ke yawo a Mile 12 ko Alaba Rago tana tara ƙura da ɓurɓushin buhu, kuma duk lokacin da aka cusa kebul sai ya ƙara danne wannan datti zuwa ƙasan ramin. A hankali dattin yakan dunƙule ya yi tauri, ya hana kan kebul shiga har ƙarshe. Za ka gane haka idan kebul ɗin ba ya yin ɗan ƙaran nan na kamawa, ko yana zamewa da kansa, ko kana ganin ƙarfen kansa ya rage a waje bayan ka tura shi.

Ka kashe wayar tukuna. Ka samu tsinken sakace na itace ko na roba, ka fere bakinsa da reza har ya yi siriri ya yi faɗi, sannan ka haska ramin da tocilar wata wayar. Idan ramin USB-C ne ko tsohon micro-USB, za ka ga wani ɗan harshe a tsakiya. A jikinsa ƙarafan da ke ɗaukar wuta suke, kuma shi ne ba a son a taɓa da ƙarfi. Ka zura tsinken ta gefen harshen har ya taɓa ƙasa, ka karce a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, ka janyo dattin waje. Da farko ƙura ce kawai za ta fito, daga baya sai ka ga wani dunƙule mai launin toka, a matse kamar an yi masa guga, ya biyo bakin tsinken. Ka maimaita har sai ka hango ƙasan ramin yana ƙyalli, sannan ka share da busasshen buroshin haƙori. Kada ka yi amfani da allura ko fil ko wani ƙarfe, domin yana iya haɗa ƙarafan ciki ya ƙona su. Kada kuma ka hura da baki, saboda tururin numfashi danshi ne.

Yayin da kake haskawa, ka lura da launin ƙarafan. Idan ka ga kore-kore ko baƙi, tsatsa ce, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da ke bakin teku. Iskar Legas tana ɗauke da danshi kusan duk shekara, ga gishiri ga waɗanda ke zaune a Obalende da Apapa da Ajah, ga gumin aljihu. Tsatsa kaɗan tana fita idan mai gyara ya wanke ramin da sinadarin goge fanel. Idan ta ci ƙarfen, sai an canza ramin. A yawancin wayoyin Android ramin yana kan wani ƙaramin fanel ne na daban a ƙasan wayar, wanda ake cirewa a sa sabo ba tare da an taɓa babban fanel ba, kuma aiki ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da sauran gyare-gyare.

Idan ruwa ne ya shiga, kamar yadda yake faruwa da yawa a watan Yuni da Yuli lokacin da ruwan sama ke kama mutum a tashar mota, wasu wayoyin sukan nuna alamar ɗigon ruwa su ƙi karɓar caji. Wannan kariya ce, kada a yi mata dole. Ka juya ramin ƙasa, ka bubbuga wayar a tafin hannunka a hankali, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa ko a gaban fanka. Ka gwada bayan rabin awa, in alamar ba ta tafi ba ka ba ta har kwana guda. Kada ka shanya ta a rana, kada ka kanga ta a murhu ko a bayan janareta, kada kuma ka binne ta a cikin shinkafa. Kamfanin Apple mai ƙera iPhone da kansa ya yi gargaɗi a kan shinkafa, saboda ɓurɓushinta yana shiga ramin.

Wayar da ta mutu murus ta daɗe a ajiye kuma takan yi kamar ba ta karɓar caji. Ka bar ta a jone da caja mai kyau na rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ka yanke hukunci. In ba ta farka ba, ka tilasta mata tashi: a Samsung ana danne maɓallin rage murya da na kunnawa tare na kimanin daƙiƙa goma, a iPhone 8 zuwa sama kuma ana danna na ƙara murya a saki, a danna na ragewa a saki, sannan a riƙe na gefe har tambarin ya bayyana.

Mataki na huɗu: me ke shan cajin

Idan caji yana shiga lafiya amma ba ya daɗewa, sai a koma cikin wayar. Ka shiga Settings, ka buɗe Battery, ka duba jerin manhajojin da suka fi shan wuta tun cajin ƙarshe. Ganin TikTok ko YouTube ko WhatsApp a sama ba abin damuwa ba ne idan ka san ka yini a kansu. Abin damuwa shi ne manhajar da ba ka buɗe ba amma ta ci kaso mai yawa, ko wadda ba ka ma san lokacin da ta shiga wayarka ba. Irin waɗannan sukan shigo ne ta hanyar tura manhaja daga wayar aboki, ko ta danna tallan da ke cewa zai wanke waya ko ya sanyaya batir. Ka goge su. Manhajojin da ke da'awar ƙara wa batir ƙarfi ba su da abin da suke ƙarawa, su kansu caji suke sha suna nuna talla. Waɗanda kake buƙata amma suke aiki a ɓoye, ka taƙaita musu aikin bayan fage daga wannan shafin.

Allo ne babban mai shan wuta a kusan kowace waya. Ka rage haskensa ko ka bar wayar ta daidaita shi da kanta, ka sa ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, in kuma wayarka tana da zaɓin saurin sabunta hoton allo na 90Hz ko 120Hz ka mayar da shi 60Hz a ranar da ka san za ka daɗe ba ka ga wuta ba. Baƙin shafi yana rage shan caji sosai a allon AMOLED, domin a irin wannan allo wurin da ya yi baƙi a kashe yake. A allon LCD bambancin ba shi da yawa.

Na biyu shi ne raunin sabis. Idan waya tana wurin da sabis bai kai sosai ba, kamar cikin rumfunan kwano na kasuwa ko ɗakin da ke can ƙuryar gida, takan ƙara ƙarfin neman eriya, ta yi ɗumi, cajin ya zube ko ba a taɓa ta ba. Mai layi biyu abin ya ninku a kansa. In akwai layin da ba ka amfani da shi da rana, ka kashe shi daga saiti. Tun da aka fara 5G a Najeriya a 2022, wayoyi masu ɗaukarsa sukan yi ta tsalle tsakaninsa da 4G a unguwannin da bai wadata ba, kuma tsayar da waya a kan 4G yana rage wannan wahala. Raba data ga wasu wayoyi da barin taswira a kunne su ma suna cinye batir da sauri, abin da direbobin haya da masu kai saƙo suka fi kowa sani.

Mataki na biyar: auna lafiyar batirin kansa

Sai bayan duk waɗannan ne ake tuhumar batir. Batirin litiyom irin na waya, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana tsufa ne da zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne shan kashi 100, ko a lokaci guda ko a rarrabe: in ka sha 50 yau ka cika, ka sha 50 gobe, zagaye ɗaya ka yi. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Mai cinye batir guda a kowace rana zai kai zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi, saboda haka raguwar ƙarfi bayan shekara biyu tsufa ne na al'ada.

A iPhone ana ganin wannan a Battery Health, kuma idan ya sauka ƙasa da kashi 80 lokacin canji ya yi. A Samsung akwai gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members. Ga sauran wayoyin Android, manhajar AccuBattery tana ƙiyasta ƙarfin da ya rage bayan an yi caji da ita sau da dama. Ko ba tare da manhaja ba, alamomin batirin da ya gaji sanannu ne: waya ta mutu tana kan kashi 20 ko 30, ko ta faɗo daga 60 zuwa 35 cikin 'yan mintuna, ko ta cika da sauri fiye da da amma ta zube da sauri, ko ta ɗauke da zarar an buɗe kyamara.

Mai sayen waya ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo a Computer Village da ke Ikeja, kada ya dogara da lambar da ya gani kawai, domin akwai na'urorin da ake sauya wannan lamba da su. Ya kunna bidiyo da cikakken haske na minti goma a gaban mai shagon, ya ga kashi nawa ya sauka da kuma irin zafin da wayar ta yi.

Zafi, janareta da shagon caji

Babban abin da ke kashe batir a Legas zafi ne. Apple ya ƙayyade cewa wayarsa ta fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma zafin da ya haura haka yana rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. A watan Fabrairu da Maris zafin rana a nan yakan wuce digiri 30 tun a inuwa, caji kuma yana ƙara nasa ɗumin, to ina ga wayar da aka jingina a gaban gilashin mota, taswira tana aiki, caja tana jone, an tsaya cak a kan gadar Third Mainland. Ka cire mata riga mai kauri lokacin caji, ka ɗora ta a kan tebur ko tayil maimakon katifa, ka guji kallon bidiyo ko buga wasa tana jone, kuma idan ka ji ta yi zafi a hannu ka cire ta ta huce tukuna. Kada a sa ta a firji, domin raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa.

Tsohuwar maganar cewa sai batir ya mutu ƙurmus kafin a yi caji, ko sai an yi wa sabuwar waya cajin awa takwas, ta samo asali ne daga batiran nikel na da, ba ta shafi na litiyom ba. Shi wannan ya fi daɗewa idan yana zama tsakanin kashi 20 da 80, kuma ɗan caji kaɗan-kaɗan ba ya cutar da shi. Wayoyi da yawa yanzu suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ko ya jinkirta cikawa har kusan asuba. Amma a nan dole a yi la'akari da halin da muke ciki. Wanda ke unguwar da ake ba wa wuta awa 20 a rana, wato rukunin Band A, ko mai sola a gida, ya kunna wannan saiti. Wanda kuwa ba ya sanin lokacin da za a kawo wuta, ya cika wayarsa ɗari bisa ɗari ba tare da wani ɗar-ɗar ba, domin barin ta ta riƙa mutuwa har sifili kullum ya fi cikawar illa. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada ta kwana a cike kuma cikin zafi.

Lokacin da aka kawo wutar NEPA, ka ɗan dakata minti biyu ko uku kafin ka jona, saboda wani lokaci takan zo da ƙarfi fiye da kima ko ta ɗauke ta dawo nan take. Haka nan da ƙaramin janareta: a tayar da shi ya daidaita kafin a jona waya, a kuma cire ta kafin a kashe shi, musamman idan ya fara tari mai zai ƙare, domin a wannan lokacin ne wutarsa ke hawa da sauka. Soket mai kariya daga hauhawar wuta yana da amfani a gidan da ke yawan sauyawa tsakanin NEPA da inji. Idan ana tsawa, a cire caja daga bango.

Wanda ya dogara da shagon caji, inda ake jera wayoyi a kan allon katako kowace da lambarta a manne da salatif, ya tafi da cajarsa da kebul ɗinsa, ya kulle wayar ko ya kashe ta, wanda hakan ma yana sa ta cika da wuri, ya kuma roƙi mai shagon kada ya ɗora ta a kan wasu wayoyin, saboda tarin wayoyi masu caji zafin juna suke sha. Fawa bank kuma a san lissafinsa: mai 10,000 mAh ba zai cika batirin 5,000 mAh sau biyu ba, sai dai kusan sau ɗaya da rabi, domin ana asarar wani kaso wajen sauya ƙarfin wutar. Ƙaramin fawa bank mara nauyi da aka rubuta masa 50,000 mAh ƙarya ce. Mai hawa jirgi zuwa Kano ko Abuja ya riƙe shi a jakar hannu, ba a yarda a sa shi cikin kayan da ake aunawa ba.

Mataki na ƙarshe: wurin mai gyara

Idan wayar tana cikin garanti, ka nufi cibiyar kamfaninta da rasit ɗinka kafin kowa ya buɗe ta, domin buɗewa a waje yana soke garanti. Masu Tecno da Infinix da itel cibiyarsu ita ce Carlcare. In garanti ya ƙare, ka nemi mai gyaran da ke da shago tsayayye wanda wani naka ya taɓa gwadawa, kada ka miƙa wayarka ga wanda ya tare ka a bakin titi ya ce ka jira shi. Kafin ka tafi ka adana hotunanka da lambobinka, ka cire layi da katin ajiya, ka fita daga manhajojin banki.

Ka faɗa masa abin da ka riga ka gwada dalla-dalla, misali: "Malam, na canza caja da kebul, na share ramin, amma tana mutuwa a kashi 30." Ka nemi ya jona ta a na'urarsa mai nuna yawan wutar da waya ke ja. Idan ba ta jan komai, ko lambar tana rawa, matsalar tana ramin caji ko a fanel, kuma sabon batir ba zai magance ta ba. Idan batir ne, ka ga sabon da idonka kafin a sa, ka duba cewa lambar samfurinsa ta yi daidai da ta tsohon, ka tsaya a yi aikin a gabanka, a kuma rubuta maka garantin kwanaki a rasit. Ka tambaya ko zai mayar da gam ɗin murfin yadda ya kamata, domin murfin da bai zauna ba ƙofa ce ga danshi.

Tsohon batirin kada ya shiga kwandon shara na gida, kada yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi inda ake ƙona bola. Ka manne bakin ƙarafansa da salatif, ka bar shi a wurin mai gyaran ko a cibiyar kamfani inda ake tara irinsa. A kwanaki ukun farko bayan canji ka riƙa lura da wayar: in tana zafi ba dalili, ko lambar cajin tana tsalle, ko murfin ya fara ɗagawa, ka koma da ita da rasit ɗinka kafin kwanakin garantin su cika.